Shekara shida ban riƙe salla ba, Malam har yanzu ni Musulmi ne?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, don Allah a sakaya sunana. Shekarata 27. Rabona da in riƙe salla tun ina shekara 21 lokacin da na bar gida na tafi karatu, da farko Asuba ce take wuce ni, sai na koma haɗa salloli da daddare, har na wayi gari na daina gaba ɗaya. In na je gida nakan fita lokacin salla don kar mahaifiyata ta gane, wani sa'in ma in bi sahu babu alwala. Azumi ma na sha wasu kwanaki da gangan. Yanzu zuciyata ta dame ni ina so in dawo, amma na ga wani bidiyo ana cewa wanda ya bar salla kafiri ne. Shin har yanzu ni Musulmi ne ko sai na sake karɓar kalmar shahada? Sallolin nan rama su zan yi, ta yaya? Kuma akwai wasu tunane-tunane da ke zuwa min game da Allah waɗanda ba zan iya furtawa ba, har nakan ce ko dai an riga an rubuta ni ɗan wuta ne.

AMSA: Wa alaikumus salam wa rahmatullah ƙanina. Kafin in taɓa ko ɗaya daga cikin tambayoyinka ga abin da nake so ka yi, ka duba agogo ka ga wace salla ce ake cikin lokacinta yanzu, ka ajiye wayar nan ka je ka yi wanka ka yi alwala ka yi ta, sannan ka dawo ka ƙarasa karatun. Da gaske nake fa. Na ce wanka ne saboda namiji baligi da ya yi shekara shida ba ruwansa da salla da wuya a ce babu janaba a kansa wadda bai taɓa wanke ta da niyya ba, to ka yi niyyar wankan janaba a zuciyarka, ka game jikinka duka da ruwa kana cuccuɗawa, ka tsettsefe gashin kai da gemu ruwan ya kai fata, kar ka manta hammata da cibiya da bayan gwiwa da tsakanin yatsu. Shi ke nan ka yi tsarki, minti biyar bai kai ba. Abin da ya sa na fara da wannan, na san halin da kake ciki, mutum yakan ce bari sai na gama fahimtar hukuncina tukun, sai na shiryu sosai, sai Ramadan ya zo, kuma da wannan "sai" ɗin ne aka cinye maka shekara shida. Mai dauɗa a jiki ba ya cewa ba zai shiga wanka ba sai ya yi tsabta.

Toh maganar kafirci. Ba zan yi maka ƙumbiya-ƙumbiya ba, barin salla ba ƙaramin abu ba ne, kuma wanda ka gani a bidiyon bai ƙirƙiro maganar daga kansa ba. Akwai hadisin Jabir a Sahih Muslim inda Manzon Allah (S.A.W) ya ce tsakanin mutum da shirka da kafirci shi ne barin salla, kuma da shi da makamantansa ne Imam Ahmad bin Hambal da malaman da suka bi shi suka tafi a kan cewa wanda ya bar salla ko da don kasala ne ya kafirta. Amma abin da bidiyon minti ɗaya ba zai gaya maka ba shi ne Imam Malik da Imam Shafi'i da Imam Abu Hanifa, wato mafi yawan malamai, sun bambanta tsakanin mutum biyu. Akwai wanda ya ce salla ba wajibi ba ce, wannan kam babu saɓani ya fita daga Musulunci. Akwai kuma wanda ya yarda wajibi ce, ya san laifi yake yi, kasala da son zuciya ne suka rinjaye shi, wannan a wurinsu Musulmi ne mai babban zunubi. Daga cikin hujjojinsu akwai hadisin Ubada bin Samit da ke cikin Muwaɗɗa, cewa salloli biyar Allah ya wajabta, wanda ya zo da su yana da alkawarin Aljanna a wurin Allah, wanda bai zo da su ba ba shi da wannan alkawarin, in Allah ya so ya azabtar da shi in ya so ya shigar da shi Aljanna. Suka ce ai kafiri ba a cewa in ya so ya shigar da shi Aljanna.

Kai a wasiƙarka ban ga inda ka musanta wajabcin salla ba, mutumin da yake fita waje don kar uwarsa ta gane ai ya san abin kunya yake yi. Ni abin da na natsu da shi shi ne maganar mafi yawan malamai, kai Musulmi ne da ya tafka babban laifi. Kuma ko da mun ɗauki magana mai tsananin, ka lura duk hanyoyin biyu wuri ɗaya suka kai ka, ka tuba ka tsaya ka yi salla. Ba a neman ka je gaban liman ko ka tara shaidu. Kalmar shahada ka faɗe ta yanzu da bakinka da zuciyarka, ba za ta rage ka da komai ba, za ma ka faɗe ta a tahiya a kowace salla. Don Allah ka daina bin sashen komen na irin waɗannan bidiyoyin kana neman hukuncin kanka a wurin mutanen da ko sunanka ba su sani ba.

Bin sahu babu alwala kuwa ka daina shi daga yau, wannan shi ne ya fi tayar min da hankali a duk wasiƙar. Salla ba ta karɓuwa sai da tsarki, kuma tsayawa gaban Allah don idon mutane riya ce. Duk waɗannan ka lissafa su cikin waɗanda ba ka yi ba.

Tunda kana jin kamar ƙasa ta zame maka, bari in tuna maka a kan me addinin nan ya tsaya, ka auna kanka da shi da kanka. Sayyidina Umar ya ba da labari wata rana suna zaune da Annabi (S.A.W) sai ga wani mutum, tufafinsa fari fat, gashinsa baƙi wuluk, babu alamar tafiya a jikinsa kuma babu wanda ya san shi a cikinsu, ya zo ya haɗa gwiwoyinsa da na Annabi ya ce ba ni labarin Musulunci. Annabi ya ce ka shaida babu abin bautawa da gaskiya sai Allah kuma Muhammadu Manzon Allah ne, ka tsai da salla, ka ba da zakka, ka azumci Ramadan, ka yi Hajji in kana da iko. Ya ce ba ni labarin imani. Ya ce ka yi imani da Allah da mala'ikunsa da littattafansa da manzanninsa da ranar lahira, ka yi imani da ƙaddara mai daɗi da mara daɗi. Ya ce ba ni labarin ihsani. Ya ce ka bauta wa Allah kamar kana ganinsa, in kai ba ka ganinsa to shi yana ganinka. Bayan ya tafi Annabi ya ce Jibrilu ne ya zo yana koya muku addininku. Yanzu ka ɗauki shidan nan na imani ɗaya bayan ɗaya, wanne ka ƙaryata? Mutumin da tsoron wuta ya hana shi barci ai ya yi imani da lahira. Inda ɓarakar take a cikin biyar ɗin nan ne na aiki, salla da azumi, kuma su ana gyara su muddin rai bai zo maƙogwaro ba.

Ka kuma san matsayin abin da ka sake. Sauran farillai saƙonsu aka aiko da shi ƙasa, azumin Ramadan misali a shekara ta 2 bayan Hijira aka wajabta shi a Madina, amma salla a daren Isra'i da Mi'iraji aka ba Annabi (S.A.W) ita a sama tun yana Makka, hamsin ce aka yi ta ragewa har ta dawo biyar da ladan hamsin. Zakka sai mai nisabi, Hajji sai mai iko sau ɗaya a rayuwa, azumi ana ɗage wa mara lafiya da matafiyi su rama daga baya, salla kuwa ko Imrana bin Husaini da ciwo ya dame shi cewa aka yi ya yi a tsaye, in bai iya ba a zaune, in bai iya ba a kwance ta gefe. Kuma ita za a fara duba wa bawa ranar hisabi. Ban faɗi wannan don in ƙara maka tsoro ba, tsoron da kake da shi ya isa, na faɗa ne don kar ranar da zafin nadamar nan ya huce ka koma ɗaukarta kamar wani abu da ake yi in an samu sarari.

Tuba sharuɗɗanta sanannu ne, ka daina laifin, ka yi nadama, ka ƙudurta ba za ka koma ba, in akwai haƙƙin wani ka mayar. Nadama kam kana da ita, ita ce ta sa ka rubuto. Abin da nake jiye maka shi ne yanke ƙauna, don shi ne makamin da Shaiɗan yake fito da shi in ya ga mutum ya juyo. Buɗe Suratuz Zumar aya ta 53 ka karanta da fassara, Allah yana kiran waɗanda suka yi wa kansu ɓarna da "bayina", yana cewa kada ku yanke ƙauna daga rahamar Allah, lallai Allah yana gafarta zunubai gaba ɗaya. Bai ce sai dai mai shekara shida ba. Mutumin da ya kashe rai 99 a cikin mutanen da suka gabace mu, wani mai ibada mara ilimi ya ce masa ba shi da tuba sai ya kashe mai ibadar ya cika ɗari da shi, da ya je wurin malami na gaske cewa ya yi wa zai shiga tsakaninka da tuba? Amma ka lura da shawarar da ya haɗa masa da ita, ya ce ka bar garin nan naka don mugun wuri ne ka koma inda ake bautar Allah. Kai ma sai ka duba su wa kake zama da su lokacin da ake kiran salla babu mai motsawa.

Sai ramuwa, nan ne mutane da yawa ke karaya tun ba su fara ba. Mazhabobin nan huɗu duk sun tafi a kan cewa wanda ya bar salla da gangan zai rama, bashi ne a wuyansa, kuma Annabi (S.A.W) ya ce bashin Allah shi ya fi cancanta a biya. Akwai malamai irin su Ibn Hazm da Ibn Taimiyya da suka ce wanda ya bari da gangan ba ramuwa a kansa, ya tuba ya yawaita nafila. Na kawo maka ita ne don kar ka ji ta a wani wuri ka ce an ɓoye maka, amma ni shawarata ka rama, shi ya fi fitar da kai daga shakka, kuma mutumin da kasala ce ta kai shi inda yake ban so ya fara tubarsa da neman fatawar da ta fi sauƙi.

Mu yi lissafi a fili. Shekara 6 kwana kusan 2,190 ke nan, sau biyar ya kama salla wajen 10,950. Na san da ka ga adadin gabanka ya faɗi. To sallar yini ɗaya raka'a 17 ce, Asuba 2, Azahar 4, La'asar 4, Magariba 3, Isha'i 4, in za ka yi su a jere da natsuwa da wuya su ci maka rabin awa, wanda na tabbata kana kashe fiye da haka a TikTok kafin ka tashi daga kan gado. Hanya mafi sauƙi, duk sallar da ka yi ta yau in ka sallame ka miƙe ka rama irinta guda ɗaya, ka yi Azahar ta yau ka tashi ka yi Azahar ta bashi, haka har Isha'i, kullum ka biya yini guda. In ka ƙara zuwa yini biyu a rana shekara uku ka gama. A littafin Ahalari an ce wanda yake rama sallar kwana biyar a kowace rana ba a kiransa mai sakaci, wannan shi ne inda ake so a kai in da hali, amma kar ka fara da shi ka yi kwana uku ka zube, Nana A'isha ta ruwaito cewa aikin da Allah ya fi so shi ne wanda aka dawwama a kansa ko da kaɗan ne. Fara da abin da za ka iya riƙewa, ranar da ba ka da aiki ka ƙara.

Ba sai ka tuna ranar kaza ga watan kaza ba, ka yi niyyar Azahar ɗin da ke kanka kawai. In kana shakkar shekara shida ne ko da 'yan watanni, ka ɗauki adadin da zuciyarka za ta natsu ka biya. A mazhabar Malik ramuwar farilla ba ta da lokacin hani, ko bayan Asuba ko bayan La'asar kana iya yi, kuma Juma'ar da ta wuce ka Azahar za ka rama raka'a huɗu. Lokacin da za ka ba nafilfili irin su walaha ka zuba shi cikin ramuwa, amma ka riƙe shafa'i da wutiri da raka'o'i biyu na kafin Asuba. Ka samu ɗan littafi da biro ka ajiye kusa da abin sallarka, duk yinin da ka biya ka ja layi ɗaya, in sun kai talatin ka zagaye ka rubuta wata ɗaya ya fita. Kar ka bar lissafin a ka, Shaiɗan zai rikita maka shi ka ce ai ban ma san inda na tsaya ba.

Kuma don Allah ramuwa ba tsere ba ce. Wani mutum ya shiga masallaci ya yi salla Annabi (S.A.W) yana kallo, ya ce masa koma ka yi salla don ba ka yi salla ba, har sau uku, sannan ya koya masa, ka yi ruku'u har ka natsu, ka ɗago har ka miƙe daidai, ka yi sujada har ka natsu. In ka yi dubu goma kana dungure ba natsuwa wahala kawai ka sha. Bayan shekara shida zai yiwu tahiya ta zube maka ko ka manta ƙabli da ba'adi, babu kunya a nan, ka samu malami ɗaya mai mutunci ka ce ina so in gyara sallata, ka karanta masa Fatiha ya saurara, ka yi alwala a gabansa ya gani. Ba sai ka ba shi tarihinka ba.

Tunda ta Asuba ɓarnar ta fara shigowa, ta nan za ka toshe. Matsalar Asuba ba da asuba take farawa ba, tun ƙarfe ɗayan dare take farawa kana kwance fuskarka cikin hasken waya kana cewa bidiyo ɗaya ya rage. Ka sa wayar a caji nesa da gado inda sai ka taka ƙafa kafin ka kashe alam, ka kwanta da alwala, ka nemi mutum ɗaya mai zuwa jam'i ya riƙa buga maka. Ranar farko da za ka shiga masallaci za ka ji kamar kowa kai yake kallo, wallahi ba mai kallonka, kowa ta kansa yake yi. In kuma wata rana ka makara rana ta fito, ka tashi ka yi ta a take, Annabi ya ce wanda barci ya ɗauke shi ko ya manta ya yi ta sa'ad da ya tuna. Abin da ba na so shi ne ka ce tunda Asuba ta wuce yau ta lalace sai gobe.

Tunane-tunanen da ka ce ba za ka iya furtawa ba, ƙanina ba kanka farau ba. Sahabbai da kansu sun zo wurin Annabi (S.A.W) suka ce muna jin wani abu a zukatanmu da ɗayanmu yake ganin girman ya furta shi, ya ce kun ji hakan? Suka ce e. Ya ce wannan shi ne tsantsar imani, yana nufin ƙyamar da suka ji da tsoron furtawar. Ya kuma ce Shaiɗan yana zuwa wa ɗayanku ya ce wa ya halicci kaza, wa ya halicci kaza, har ya ce wa ya halicci Ubangijinka, in ya kai nan ya nemi tsarin Allah ya tsaya. Maganin ke nan, a'uzu billahi, amantu billahi, ka tashi ka kama wani aiki, kar ka zauna kana muhawara da shi cikin dare don ba ya gajiya kai kana gajiya. Allah ya yafe wa al'ummar nan abin da zuciya ta raya muddin ba a faɗa ba ba a aikata ba. Sai dai ka bambance, in tambaya ce ta gaske wadda wani rubutu ko wata muhawara ta dasa maka kuma ta ƙi tafiya, kar ka binne ta, ka kai wa malamin da ya san aƙida ya warware maka. In kuma abin ya kai yana hana ka barci da cin abinci, ko kana maimaita alwala da niyya ba iyaka, ka haɗa da ganin likita, ba raunin imani ba ne neman magani.

Batun ko an rubuta ka ɗan wuta, wa ya nuna maka Lauhul Mahfuzi? Imani da ƙaddara shi ne ka yarda Allah ya san komai, ya rubuta, babu abin da ke faruwa sai da nufinsa, shi ya halicci komai, amma bai ba ka labarin naka ƙarshen ba, umarni ya ba ka. Sahabbai sun yi wannan tambayar, suka ce to ba sai mu dogara da abin da aka rubuta mu bar aiki ba? Annabi ya ce ku yi aiki, kowa ana sauƙaƙe masa abin da aka halicce shi dominsa. In alama kake nema, wanda aka sa wa nadama a zuciya yana shekara 27 da lafiyarsa har ya zauna ya rubuta wannan wasiƙar, ni alamar alheri na gani.

Azumin da ka sha ka ƙirga kwanakin ka rama su, wannan babu saɓani a mazhabobi huɗu. Kaffara ce ake da bayani, a wurin Malik da Abu Hanifa wanda ya karya azumin Ramadan da ci ko sha da gangan akwai kaffara a kansa, ciyar da miskinai 60 ko azumin wata biyu a jere, a wurin Shafi'i da Ahmad kaffarar ta wanda ya karya da saduwa ce. Tunda ya danganta da yadda ka karya da kwana nawa da kuma ƙarfinka, wannan ka zauna da malami baki da baki, ka iya cewa wani ne ya aiko ka in kunya ta hana.

Mahaifiyarka kuma kar ka je ka ce za ka fasa mata wai don ka samu sauƙin zuciya. Allah ya rufa maka asiri shekara shida, kuma Annabi (S.A.W) ya yi gargaɗi a kan wanda Allah ya suturta shi ya wayi gari yana yaye suturar da bakinsa, ita kuma baƙin ciki kawai za ka ɗora mata a kan abin da ba za ta iya gyarawa ba. Ka kira ta ka ce Umma ki sa ni a addu'a Allah ya tsare min sallata, za ta yi da farin ciki ba tare da ta tambaye ka dalili ba. Allah ya karɓi tubarka ya ba ka ikon biya, in ka yi wata guda ka sake rubuto min in ji yini nawa ka cire.